Dogaro da Mutuncin Kai: Matsayin Mace a Japan Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Kamar Yadda Fim ɗin Ukigumo Ya Nuna

1.0 GABATARWA

Masana tarihi sun daɗe suna dogara da takardun hukuma da wasiƙun manya da labaran baka wajen gano abin da ya gudana a zamanan da suka shuɗe. Amma akwai wani sashe na rayuwar al'umma wanda ba safai akan same shi a waɗannan wurare ba, watau yadda mutane suke ɗaukar kansu, da irin darajar da suke jin suna da ita a idon jama'a da kuma a idon kansu. Takardar doka takan bayyana haƙƙin da aka ba mace, amma ba ta bayyana ko macen ta sami halin cin moriyar wannan haƙƙi, balle abin da ya hana ta. A nan ne adabi da silima suke da amfani ga mai nazarin tarihi, muddin ya karanta su da hattara, ya kuma auna su da abin da sauran shaidu suka tabbatar.

Manufar wannan takarda ita ce ta ɗauki fim guda ɗaya na ƙasar Japan ta dube shi a matsayin shaidar tarihi. Sunan fim ɗin Ukigumo, ma'ana gajimare mai yawo. Naruse Mikio ne ya shirya shi, kamfanin Toho ya fitar da shi a watan Janairu na 1955. (A duk cikin takardar an bi al'adar Japanawa ta fara kawo sunan gida kafin sunan yanka.) Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me ya sa mace mai ilmi, mai sana'ar hannunta, wadda sabuwar dokar ƙasa ta ba 'yanci daidai da na namiji, za ta ƙarar da rayuwarta wajen bin mutumin da ta tabbata ba shi da alkawari? Abin da za a nuna shi ne, dogaron da ta yi da shi yana da tushe a cikin tarihin shekarun 1940 zuwa 1955, kuma ba za a fahimce shi ba sai an san abin da mata irinta suka samu, da abin da suka rasa, sakamakon faɗuwar daular Japan. Yaƙin da ake magana a kai kuwa ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa, domin da sojojin wannan daula ne dakarun Afirka ta Yamma suka gwabza a yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945. Wannan fim yana nuna mana ɗaya ɓangaren, watau halin da waɗanda aka ci da yaƙi suka koma gida suka tarar.

2.0 MATSAYIN MACE KAFIN 1945

Tun zamanin mulkin gidan Tokugawa, wanda ya ƙare a 1868, tarbiyyar 'ya mace a gidajen masu hali ta ginu ne a kan koyarwar da aka aro daga ƙasar Sin, wadda ta ɗora wa mace biyayya iri uku: ga uba tana budurwa, ga miji tana matar aure, ga ɗanta namiji idan ta tsufa. Wani ɗan littafi mai suna Onna Daigaku, wanda ya yaɗu tun farkon ƙarni na 18, shi ne ya fi shahara wajen koyar da wannan. Talakawan karkara ba su bi shi sau da ƙafa ba, domin matan manoma da masunta suna aiki kafaɗa da kafaɗa da mazansu, saki kuma bai yi wuya a tsakaninsu ba.

Gwamnatin zamanin Sarki Meiji ce ta mai da al'adar manyan gidaje ta zama doka a kan kowa. Dokar zaman iyali ta 1898 ta kafa abin da ake kira ie, watau gida a matsayin hukuma mai shugaba guda, wanda galibi babban ɗa namiji yake gādo. A ƙarƙashin wannan doka matar aure ba ta da ikon ƙulla muhimmiyar ma'amala ta dukiya sai da iznin miji, kuma mijin ne yake juya dukiyarta. Mace ba ta yin aure ba da yardar iyaye ba sai ta kai shekara 25. Dokar hukunta laifuffuka ta 1907 ta sa zinar matar aure ta zama laifin da ake ɗaure mutum a kansa, alhali magidancin da ya nemi macen da ba matar wani ba babu abin da zai same shi. Har ila yau, wata dokar 'yan sanda ta 1900 ta hana mata shiga jam'iyyun siyasa. A makarantun 'yan mata kuwa, taken da aka ɗora ilminsu a kai shi ne ryosai kenbo, watau mace tagari ga miji, uwa mai hikima ga 'ya'ya.

Ba a ce mata sun yi shiru ba. Hiratsuka Raicho ta kafa mujallar Seito a 1911, Ichikawa Fusae kuma ta shafe shekaru tana fafutukar samar wa mata ƙuri'a. Daga shekarun 1920 'yan mata suka fara cika ofisoshi da kantunan birane, suna aikin buga tafireta da haɗa wayar tarho da sayar da kaya. Amma abin lura shi ne, a idon doka da na jama'a, ƙimar mace tana rataye ne da gidan da sunanta yake cikin rajistarsa. Macen da ba ta ƙarƙashin uba ko miji, ko da tana da albashi, ba ta da mazauni sananne.

3.0 FAƊUWAR DAULA DA SABABBIN DOKOKI

Japan ta shigar da sojojinta arewacin yankin Indo-Cina, wanda yake ƙarƙashin Faransa, a watan Satumba na 1940, ta kuma mamaye kudancinsa a watan Yuli na 1941. Bayan sojoji sai ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa suka biyo, har da 'yan mata masu aikin ofis. Da Sarki Hirohito ya ba da sanarwar miƙa wuya ran 15 ga Agusta 1945, akwai Japanawa fiye da miliyan 6 a ƙasashen waje, kimanin rabinsu farar hula, waɗanda aka riƙa kwasowa a jiragen ruwa ana maido su gida. Gidan da suka tarar kuwa kufai ne. Harin bama-baman da aka kai wa Tokiyo ran 10 ga Maris 1945 kaɗai ya kashe mutum kimanin 100,000. Abincin da gwamnati take rabawa bai isa ya riƙe rai ba, sai an haɗa da kasuwar bayan fage. Wani alƙali a Tokiyo mai suna Yamaguchi Yoshitada, wanda ya ƙi cin abincin wannan kasuwa saboda yana hukunta masu yin ta, yunwa ta yi sanadin mutuwarsa a 1947. Bugu da ƙari, sojojin Japan kimanin miliyan 2.3 ne suka mutu a yaƙin, mafi yawansu samari, watau dai mazajen da 'yan matan wannan tsara za su aura.

A cikin wannan hali ne hukumar mamaya ta Amurka ta kawo sauye-sauyen da suka shafi mata. An ba su ikon jefa ƙuri'a a watan Disamba na 1945, kuma a zaɓen 10 ga Afrilu 1946 mata 39 suka shiga majalisar wakilai. Sabon tsarin mulki, wanda ya fara aiki ran 3 ga Mayu 1947, ya hana nuna bambanci saboda jinsi a sashe na 14, ya kuma tanadi a sashe na 24 cewa aure ba ya ƙulluwa sai da yardar mutanen biyu, tare da daidaita haƙƙin miji da mata. A 1947 aka soke laifin zinar matar aure, aka kuma sake dokar iyali, tsarin ie ya rushe a hukumance daga farkon 1948.

Sai dai, kamar yadda Hausawa suke cewa, ba a nan gizo yake saƙar ba. Matan da aka ɗiba aikin masana'antu lokacin yaƙi an sallami da yawansu domin a ba mazan da suka dawo guraben. Gwamnatin Japan da kanta ta sa aka buɗe gidajen karuwai domin sojojin mamaya a watan Agusta na 1945, da aka rufe su a watan Maris na 1946 sai matan suka watsu a tituna, jama'a suka laƙaba musu suna panpan. Dokar 1948 ta halatta zubar da ciki bisa wasu sharuɗɗa, aka ƙara talauci a cikin sharuɗɗan a 1949, kuma a shekarar da fim ɗin ya fito, 1955, adadin da aka rubuta a hukumance ya kai kimanin miliyan 1.17, wanda shi ne mafi yawa a tarihin ƙasar. A taƙaice, doka ta cire mace daga ƙarƙashin gida, amma ba ta ba ta aiki ko muhalli ko wata sabuwar hanyar samun girma a idon jama'a ba.

4.0 LITTAFIN DA MASU SHIRYA FIM ƊIN

An ɗauko fim ɗin ne daga littafin Hayashi Fumiko mai wannan suna, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi a mujallu daga 1949, ya fito a dunƙule a 1951, shekarar da marubuciyar ta rasu. Hayashi ta tashi cikin talauci, 'yar masu tallar kaya daga gari zuwa gari, ta yi aikin masana'anta da na gidan shan shayi kafin littafinta Horoki ya fito da sunanta a 1930. Ta kuma bi sojojin Japan zuwa ƙasar Sin a matsayin wakiliyar jarida a 1937 da 1938, sa'an nan ta zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da aka mamaye. Saboda haka ta san daɗin daula, ta kuma san ɗacin faɗuwarta.

Mace ce kuma ta rubuta wasan fim ɗin, watau Mizuki Yoko. Shi kuwa Naruse Mikio, wanda ya rayu daga 1905 zuwa 1969, ya shahara da finafinan da suka shafi matan ƙananan unguwanni da ɗawainiyarsu ta neman abin kai wa baka. Sau 6 yana mai da rubuce-rubucen Hayashi fim. Takamine Hideko ce ta fito a matsayin Koda Yukiko, Mori Masayuki kuma a matsayin Tomioka Kengo. Mujallar Kinema Junpo ta zaɓe shi fim mafi kyau na 1955. Wannan karɓuwa tana da muhimmanci ga mai nazarin tarihi, domin masu kallon farko mutane ne da suka rayu cikin shekarun da ake nunawa, ba kuma za su yarda da hoton da ya saɓa wa abin da suka gani da idonsu ba.

5.0 LABARIN A TAƘAICE

Fim ɗin ya buɗe da saukar waɗanda aka maido gida a 1946. Yukiko tana cikinsu. Ta nufi gidan Tomioka a Tokiyo, ta tarar da matarsa da mahaifiyarsa. Daga nan aka koma baya zuwa 1943 a garin Dalat, wani wurin shan iska a kan tsaunukan ƙasar da yanzu ake kira Biyetnam, inda ta je aikin buga tafireta a ofishin ma'aikatar gona da gandun daji, shi kuma yake jami'in gandun daji. A can suka ƙulla soyayya, ya yi mata alkawarin rabuwa da matarsa. Da suka dawo sai ya janye, ya miƙa mata kuɗi.

Da ta rasa aiki da wurin kwana sai ta zama daduron wani sojan Amurka. Tomioka ya shiga cinikin katako ya karye. Ya ɗauke ta zuwa Ikaho, garin maɓuɓɓugan ruwan zafi, da nufin su kashe kansu tare, amma ya kāsa. A maimakon haka sai ya sayar da agogonsa ga wani mai gidan giya, ya kuma nemi matar mutumin, wata yarinya mai suna Osei. Osei ta gudo Tokiyo ta zauna da shi. Yukiko ta ga tana da cikinsa, ta zubar da kuɗin da ta karɓa daga Iba, ɗan'uwan mijin 'yar'uwarta, mutumin da ya yi mata fyaɗe tun kafin ta tafi Dalat, wanda yanzu ya kuɗance ta hanyar wani sabon addini na damfara. Mijin Osei ya biyo ta ya kashe ta. Yukiko ta koma zama a hannun Iba. Da matar Tomioka ta mutu, wurin Yukiko ya zo rancen kuɗin binne ta. Daga bisani ta kwashe maƙudan kuɗi na ƙungiyar Iba ta gudu, ta roƙi Tomioka ya tafi da ita tsibirin Yakushima, inda ya sami aikin gandun daji. Ciwo ya kama ta a Kagoshima, aka shiga da ita jirgin ruwa a kwance, ta mutu a tsibirin ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi kuwa yana can cikin daji wurin aiki. Da ya dawo ya shafa wa gawarta jan baki, ya fashe da kuka.

6.0 DOGARO IRI BIYU

Wajibi ne a rarrabe tsakanin dogaro iri biyu da fim ɗin ya nuna, domin haɗa su wuri guda shi yake sa a yi wa Yukiko gurguwar fahimta. Na farko shi ne dogaro na ci da sha da muhalli. Wannan ta yi shi ne da sojan Amurka da kuma Iba, kuma a duka biyun idonta a buɗe yake. Ciniki ne, ta san farashinsa, da ta sami hanya kuma ta bar shi ba tare da waiwaye ba. Waɗannan maza biyu suna wakiltar wuraren da kuɗi yake a Japan ta wancan lokaci, watau hannun sojojin mamaya, da hannun 'yan damfarar da suka ci moriyar ruɗewar jama'a, musamman bayan da aka sassauta dokar kafa ƙungiyoyin addini a ƙarshen 1945 sababbin ɗariƙu suka yi ta ɓullowa.

Na biyu shi ne dogaro na zuciya, wanda ta yi da Tomioka shi kaɗai. Abin mamaki a nan shi ne, ta fuskar kuɗi shi ne ya fi dogara da ita. Ita ta ba shi abin da ya binne matarsa, kuɗin da ta sato kuma suna cikin guzurin tafiyarsu ta ƙarshe. Tomioka mutum ne da yake rayuwa a jikin mata: matarsa tana riƙe masa gida, Osei ta ba shi ɗaki, Yukiko ta ba shi kuɗi. Tsohon tsarin ie ya ba namiji iko bisa sharaɗin zai ɗauki nauyi. Tomioka ya riƙe ikon, ya ajiye nauyin.

Wasu masu sharhi sukan fassara irin wannan dangantaka da kalmar amae, wadda likitan ƙwaƙwalwa Doi Takeo ya shahara da ita a littafinsa na 1971, watau halin shagwaɓa da jingina da wanda ka tabbata zai jure maka, kamar yaro da uwarsa. Idan an yi amfani da wannan ma'auni tsakani da Allah, Tomioka ne mai shagwaɓar, domin shi ne yake ɓata ya dawo, yana da tabbacin za a karɓe shi. Yukiko ba ta da wannan tabbaci ko na rana ɗaya. Har ila yau, akwai haɗari a jingina komai ga wata ɗabi'a da aka ce ta Japanawa ce tun fil azal, domin yin haka yakan rufe ido daga dokoki da yaƙi da yunwa, waɗanda suke da shekara da rana.

Tafiyar Ikaho ma tana da tushe a tarihi. Mutuwar masoya tare, wadda ake kira shinju, tsohon jigo ne a adabin Japan tun wasan Chikamatsu Monzaemon na 1703, inda ake ɗaukar ta a matsayin ƙololuwar amana. Mahaifin ɗan wasan da ya fito a matsayin Tomioka, marubuci Arishima Takeo, ta wannan hanya ya mutu tare da wata matar aure a 1923, abin da masu kallo da yawa suka sani. Fim ɗin ya kawo wannan tsohon jigo ne domin ya nuna ya zama fanko: mutumin da ya zo mutuwa da mace ɗaya ya ƙare da neman wata.

7.0 DALAT DA TUSHEN MUTUNCIN KAI

To, me Yukiko take nema a wurin mutumin da ta fi kowa sanin aibinsa? Ba a ɓoye yake mata ba. Sau da yawa takan gaya masa halinsa a gaban idonsa, da baƙar magana da dariyar raini. Amsar tana Dalat. Kafin ta tafi can, yarinya ce 'yar riƙo a gidan da aka keta mata haddi ba ta da wurin kai ƙara. Bayan ta dawo, ɗaya ce daga cikin miliyoyin da ba wanda ya san da zamansu. A tsakanin waɗannan lokuta biyu ne kaɗai ta taɓa zama wata: ma'aikaciyar gwamnati mai albashi, mai farar riga, tana cin abinci a teburi a babban gida irin na Faransawa, barori suna hidima. Tomioka shi ne kaɗai mutumin da ya rage a duniya wanda ya san ta a wannan matsayi. Idan ta rabu da shi, babu sauran mai shaidar cewa ta taɓa zama haka. Shi ya sa kusan duk hirarsu takan koma kan Dalat, shi yana ƙosawa, ita tana maimaitawa.

Naruse ya nuna wannan ba da dogon bayani ba. Hotunan Dalat cike suke da hasken rana da itatuwa, na Tokiyo kuwa duhu ne da ƙananan ɗakuna. A wani wuri an fara sumba a dajin Dalat, aka yanke, aka ƙarasa ta a wani ƙazamin masauki a Tokiyo. Kiɗan da Saito Ichiro ya tsara, mai amon ƙasashen kudu, yakan biyo su har cikin lungunan kasuwar bayan fage. An kuma yawaita nuna su suna tafiya gefe da gefe a hanya, ba wurin da suka nufa. A ƙarshe, bayan ta mutu, hoton da ya zo wa Tomioka shi ne nata a Dalat cikin farar riga.

A nan mai nazarin tarihi zai ga abin da su biyun ba sa son gani. Darajar da Yukiko ta samu a Dalat ta aro ce, kuma daula ce ta ara mata. Ta zama uwar ɗaki ne domin akwai 'yan ƙasa da aka mai da barori, a ƙasar da yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a arewacinta tsakanin 1944 da 1945, lokacin mamayar Japan. A cikin littafin, Tomioka ya yi wa baiwar gidan, 'yar ƙasar, ciki ya tafi ya bar ta. Ke nan abin da ya yi wa Yukiko daga baya ya riga ya yi wa wata wadda ba ta da bakin magana. Tufar aro kuwa ba ta rufe katara. Da daula ta faɗi sai darajar ta tafi, ya rage sai mutum ɗaya da za a riƙa tuna ta da shi. Ta wannan fuska, begen da Yukiko take yi wa Tomioka da begen da Japanawa da yawa suke yi wa kwanakin daula a asirce abu ɗaya ne, kuma fim ɗin ya nuna inda irin wannan bege yake kai mai shi. Zaɓen Yakushima ma ba banza ba ne. A shekarun da labarin ya faru, tsibiran da suke kudu da shi suna hannun Amurka. Ba a maido da Amami ba sai 1953, Okinawa kuwa sai 1972. Saboda haka Yakushima shi ne kusan iyakar kudu da Bajapane zai iya kaiwa, watau wuri mafi kusa da Dalat da ya rage musu.

8.0 WADDA AKA ZALUNTA KO MAI ZAƁIN KANTA?

Akwai ra'ayi biyu game da Yukiko. Na farko yana ganin ta a matsayin wadda aka zalunta kurum, misalin macen da tarbiyyar biyayya ta hana ta tsayawa da ƙafafunta. Na biyu yana ganin ta a matsayin mace mai taurin kai wadda ta zaɓi abin da take so ta bi shi har kabari. Kowane yana da hujja, amma na farko ya fi rauni. Idan aka kwatanta ta da jarumar fim ɗin Mizoguchi Kenji na 1952, Saikaku Ichidai Onna, wadda maza suke miƙa ta daga hannu zuwa hannu a zamanin Tokugawa ba tare da an shawarce ta ba, za a ga bambancin. Ba wanda ya sayar da Yukiko. Ita ta nemi aikin Dalat, ita ta je ƙofar gidan Tomioka, ita ta yanke shawarar zubar da ciki, ita ta kwashe kuɗin Iba. Macen da ta bi tsohuwar koyarwa sau da ƙafa a fim ɗin ita ce matar Tomioka, wadda ta yi haƙuri ta yi shiru har ciwo ya kashe ta cikin talauci. Osei kuma, wadda ta gudu daga miji domin neman rayuwar birni, kisa ta gamu da shi. Hanyoyi uku ke nan da mata uku suka bi, ba wadda ta kai.

Amma ra'ayi na biyu ma yana bukatar gyara. Zaɓi yana da ma'ana ne gwargwadon abubuwan da aka shimfiɗa a gaban mai zaɓen. Yukiko tana da ƙarfin zuciyar da za ta yi sata ta gudu, amma ba ta taɓa tunanin ta ɗauki kuɗin ta kafa wa kanta sana'a ba, domin abin da take nema ba a saye shi da kuɗi: tana neman wanda zai ce ita wata ce. Al'ummar da ta rene ta ta koya mata cewa wannan shaida daga bakin namiji take fitowa, sabuwar doka kuwa ba ta zo da wani bakin ba. Dokar daidaita damar aiki tsakanin maza da mata ba a kafa ta ba sai 1985, shekara 30 bayan fitowar fim ɗin. Kuma jigon bai mutu ba, domin a 2006 Nakashima Tetsuya ya fitar da Kiraware Matsuko no Issho, labarin wata malamar makaranta da ta rasa aikinta ta ƙare tana bin maza masu cutar da ita, tana neman ƙaunar da ta rasa a wurin mahaifinta.

9.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa fim ɗin Ukigumo shaida ne game da giɓin da ya kasance tsakanin dokokin 1946 zuwa 1948 da rayuwar matan da aka yi dokokin dominsu. An nuna cewa dogaron Yukiko da Tomioka ba na abinci ba ne, domin ita take ciyar da shi, kuma mutuncin da take ƙoƙarin riƙewa ta wurinsa mutunci ne da mulkin mallaka ya ba ta a ƙasar wasu. Fim ɗin ya fito ne a daidai lokacin da tattalin arzikin Japan ya fara bunƙasa, har rahoton gwamnati na 1956 ya bayyana cewa zamanin bayan yaƙi ya wuce. Naruse da Mizuki da Takamine sun ajiye wa masu zuwa hoton waɗanda wannan bunƙasa ba ta tarar da su a raye ba. Abin da ya rage ga masu bincike shi ne su auna wannan hoto da shaidar matan da aka maido daga Manchuriya da Koriya da Taiwan, su kuma nemi muryar matan ƙasashen da aka mamaye, irin baiwar gidan Dalat, waɗanda littafin da fim ɗin suka wuce su ba tare da sun tsaya ba.